Waya, PS4, PS5 ko kwamfuta: da wanne mai son gem zai fi morewa a Kano?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi abin buga gem, tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakinsa ita ce wanne ya fi kyan hoto. A wurina wannan tambaya a ƙarshen layi take. Kafin a zo kan hoto akwai maganar wuta, akwai data, akwai ƙurar hunturu da zafin bazara, sannan akwai wadda ta fi su duka nauyi: wane wasa ranka yake so, kuma da wa za ka buga shi? Na fara da Winning Eleven a kan PS2, na zaga garuruwan GTA San Andreas lungu-lungu, na sha harbi a Call of Duty na waya, yanzu kuma wasannin mulki da dabara na kwamfuta ne suka fi cin darena. Da wannan idon zan auna zaɓin da ke gaban mutumin Kano a yau.

Ma'aunan da zan bi

Na farko kuɗi, kuma ba wanda za ka miƙa wa mai shago kaɗai nake nufi ba. Na'urar gem kamar doki ce, sayensa rana ɗaya ne, harawa da dusa kuwa kullum. Akwai hannun buga wasa, wato abin dannawa, na biyu don abokin wasa, akwai faifai, akwai data, akwai fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, komai na gem ya bi dala. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka farashin da zan ambata na dala ne, wanda kamfanoni suka sa ranar da kayan suka fito. Na naira kuwa sai ka taka da ƙafarka, ka taya a shago uku ko huɗu a Farm Centre, da Bairut, da wajajen Sabon Gari, kafin ka ciro ko sisi.

Na biyu wuta. Wannan ne ma'aunin da masu bitar gem na Turai ba sa kawowa, mu kuwa shi ne ke yanke hukunci. Batirin inbata mai 200Ah, irin na ruwa, abin da za ka ci daga cikinsa ba tare da ka kashe shi da wuri ba bai wuce kilowat-awa ɗaya da ɗan wani abu ba. Na'ura da talabijin masu jan wat 150 za su kai ka wajen awa bakwai a kansa. Masu jan 300 kuwa rabin haka za su ba ka, kuma ba a sa fanka da fitilun gida a lissafin ba.

Na uku ƙarko. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce ke shiga kowace kafa, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Duk na'urar da ke da fanka a cikinta tana shaƙar wannan ƙura. Abin tambaya shi ne, idan ta lalace akwai mai gyara da kayan gyara a cikin gari?

Na huɗu sauƙi: za ka iya kunnawa ka buga ba intanet? Na biyar haɗari, daga algus na kasuwa har zuwa abin da wasan kansa zai yi wa aljihunka da lokacinka. Na ƙarshe kuma wasannin, domin ba akwatin za ka buga ba.

Waya

Ta nan kowa ke shiga, don tana aljihunka tun kafin ka yi tunanin gem. Free Fire, wanda kamfanin Garena ya fitar a 2017, don ƙananan wayoyi aka gina shi: mutum 50 a tsibiri guda, cikin kamar minti goma an tashi. PUBG Mobile ya zo a 2018 da mutum 100 da fili mai faɗi, yana son haƙuri da iya laɓewa. Call of Duty Mobile ya fito a Oktoban 2019, kuma a cikin ukun shi na fi so, saboda karawarsa ta biyar da biyar gajeriya ce. Ba sai ka ɓata rabin awa kana tsintar bindigogi ba, sannan wani da ko ganinsa ba ka yi ba ya kwantar da kai daga bayan dutse. Free Fire bai kai su kyan hoto ba, amma idan abokanka duk a can suke, shi ne zai fi maka daɗi. Wasan harbi babu 'yan tawagar da za ku riƙa yi wa juna ihu a kunne lami ne.

A ƙwallo akwai eFootball da Dream League Soccer. Na farkon ya fi kama da ƙwallon gaske amma ba ya buɗewa sai da intanet, na biyun kuma ba ya wahalar da ƙaramar waya. Duk da haka ban taɓa jin daɗin yanka da babban yatsa a kan gilashi ba.

Wayar da za ta ɗauki waɗannan ba tare da sanƙarewa ba tana buƙatar RAM 6 ko 8, ma'ajiya 128GB, da injin da ya kai irin Helio G99. Tecno Pova, Infinix GT, Poco da wasu Redmi duk a wannan layin suke. Wasan kansa ba ya shan data sosai. Sabuntawa ce ke kwashe ta, domin Call of Duty idan ka sauke duk filayensa ya wuce 10GB. Kano na cikin biranen farko da MTN ta kai wa 5G a 2022, amma unguwa ta bambanta da unguwa, don haka ka gwada netiwok a ɗakin da za ka riƙa zama, da daddare, lokacin da kowa ya hau.

Wajen wuta babu mai kamo ta, fawa bank ɗaya ta isa. Wajen ƙarko kuwa batir ne ke fara gazawa. Buga gem waya na jone a caji cikin zafin Afrilu shi ne ke sa batir kumbura, har ya ɗago murfin baya.

Haɗarinta ne ya sa ban yarda da kalmar "kyauta" da ake manna wa wasannin waya ba. Lu'ulu'un Free Fire da UC na PUBG da CP na Call of Duty, wato kuɗin cikin wasa, da kuɗin gaske ake saya, kaɗan-kaɗan, sai ka waiwaya ka ga abin da ka zuba a kan rigunan sojan ƙarya ya isa sayen wata na'urar. Ga 'yan damfara masu tura mahaɗi wai za a ba ka lu'ulu'u kyauta, kana sa lambar sirrinka akawun ya tafi. Ga masu ƙwacen waya, waɗanda mai gem a ƙofar gida da dare ko a cikin adaidaita sahu ya fi kowa sauƙin farauta a wurinsu, don idonsa da kunnensa duk suna wani wuri. Sannan tana tare da kai a aji, a shago, a kan shimfiɗa. Sauran na'urorin ɗauke wuta kan raba ka da su, ita kuwa ba mai raba ku sai kai.

PS4

PlayStation 4 ta kamfanin Sony ta fito a Nuwamban 2013, Slim da Pro suka biyo baya a 2016, kuma an sayar da sama da miliyan 117 a duniya. Wannan yawan ne amfaninmu. Ta hannu ta cika kasuwa, faifanta na yawo tsakanin abokai, kuma da wuya ka rasa mai gyaranta. Cikin ukun Slim na fi ba da shawara. Ta fito a kan dala 299, wutar da take ja tana wasa wajen wat 100 ce ko ƙasa, kuma ba ta da ƙarar ta farko ko ta Pro, waɗanda idan ƙura ta toshe su har maƙwabcin ɗaki zai san ka kunna.

Babbar hujjarta ita ce ƙwallo mutum biyu a ɗaki ɗaya. Mafi yawanmu abin da muke nema ke nan: a zauna a kan kafet, a ɗauki Madrid da Barcelona, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Wannan ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. FIFA 23 ne na ƙarshe da ya ɗauki wannan suna, daga 2023 ya koma EA Sports FC, kuma har FC 26 ana fitar da na PS4, ko da yake ba shi da sabon tsarin motsin 'yan wasa da na PS5 ke da shi. Konami kuwa ya mayar da PES zuwa eFootball a 2021, ana sauke shi kyauta, sai dai ƙungiyoyin da za ka buga da aboki ba intanet kaɗan ne. A ra'ayina PES 2021 ya fi su duka ɗanɗanon ƙwallo. Ƙwallon na da nauyi a ƙafa, fasin na buƙatar tunani, ga Master League inda kake jagorantar ƙungiya kaka bayan kaka, ga damar ka gyara ƙungiya ka sa mata ruwan ɗorawa da kore ka kira ta Kano Pillars, tunda gasar Najeriya ba ta cikin ko wannensu. FC ya fi shi lasisin ƙungiyoyi da kwalliya da sababbin 'yan wasa, kuma shi abokan wasa suka fi sabawa da shi yanzu.

Bayan ƙwallo, a nan ne taskar wasannin labari take. God of War na 2018 labarin uba ne da ɗansa, uban da bai iya nuna so ba sai ta hanyar tsawa, kuma wanda ya tashi a gidan Bahaushe zai gane wannan shirun. Sai dai an gina shi a kan tatsuniyoyin allolin mutanen arewacin Turai, wanda hakan bai kwanta masa ba ya tsallake shi. Red Dead Redemption 2, shi ma na 2018, a hankali yake tafiya, da doki da daji da farauta. Wasu kan gaji da shi a awannin farko, ni kuwa ban buga wanda ya kai shi ba. Ghost of Tsushima na 2020 ya fi shi saurin kama zuciya. Assassin's Creed Mirage na 2023 yana kai ka Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa a ƙarni na 9, har Baitul Hikma za ka shiga, kuma ana iya sa muryoyin su koma Larabci gaba ɗaya. Ga Mortal Kombat 11 da Tekken 7 ga masu son faɗa. GTA V kuwa kowa ya san shi, amma ina roƙon iyaye da yayye su duba lambar 18 da ke jikin kwalinsa. Akwai ƙwaya da karuwanci da ashar a ciki. Shi da Mortal Kombat ba na yara ba ne, ko da yaron ya rantse mota kawai zai tuƙa.

Akwai PS4 da ake yi wa hakin, wato a karya tsaron manhajarta, a cika ta da wasanni. Ita ta cika ɗakunan samari, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, sabon faifai dala 60 zuwa 70 ne. Amma ka san abin da ka saya. Ba za ka buga da kowa ta intanet ba. Ranar da ƙaninka ya danna sabuntawa bisa kuskure hakin ya tafi, ba a komawa baya. Wasannin kuma kwafi ne da ba a biya masu su ba, abin da ni zuciyata ba ta natsu da shi ba. Faifan hannu da musaya da abokai sun ishi mutum, musamman da yake faifan PS4 ba ruwansa da ƙasar da aka sayo shi.

Mai son buga ta intanet sai ya shirya wa wata ɗawainiya. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ke buɗe wa akawun, saboda haka mutane kan buɗe na Amurka ko Ingila su riƙa sayen katin kuɗi na wannan ƙasar. FC da GTA ta intanet sai da rajistar PlayStation Plus, amma na kyauta irin eFootball da Fortnite ba sa buƙata.

Haɗarinta a wurin saye yake, domin kowace PS4 da ke kasuwa ta kwana biyu. Kada ka karɓa sai an kunna maka wasa mai nauyi ya yi minti ashirin ko talatin kana sauraren fanka. A sa faifai a cire. A ɗan motsa wayar HDMI a ga ko hoto zai ɗauke, don wannan kafar ta fi komai lalacewa. Ka duba takardun da ke manne a baya ko an taɓa buɗe ta. A shiga intanet a gabanka don ka tabbata Sony bai toshe ta ba. Hannun bogi ya fi na asali yawa, za ka gane shi da rashin nauyi da maɓallai masu tauri. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, kuma ka guji ta hannun wanda ba shi da shago, araha ba ta ado. A gida kuma ka haɗa ta da UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko inbata, domin ɗauke wuta tana tsakiyar ajiya na lalata ma'ajiyarta. Ka lulluɓe ta idan tana kashe, ka kai ta a share ƙura bayan kowane hunturu.

PS5

Nuwamban 2020 ta fito, mai faifai dala 499, marar faifai 399, sai Pro a 2024 a kan 699. Abin da ya fi burge ni a jikinta ba hoto ba ne, sauri ne. Jiran da PS4 ke sa ka yi kafin wasa ya buɗe kusan ya ɓace. Tana buga kusan duk wasannin PS4, kuma tsohon hannunka zai yi aiki a kansu, amma ba zai yi a wasannin PS5 ba.

Dalilin sayenta na gaskiya shi ne wasannin da suka bar PS4 a baya: Spider-Man 2 da Mortal Kombat 1 na 2023, Tekken 8 na 2024, da kuma GTA VI, wanda Rockstar ya sanar don PS5 da Xbox Series kaɗai. Wanda wannan ne burinsa, kuɗin da zai sa a PS4 yau asara ce.

Sai dai tana zuwa da dangi. Tana jan wajen wat 200, ka ƙara babban talabijin, lissafin inbata ya sauya. Idan talabijin ɗinka ƙarami ne mai inci 32 na da, rabin abin da ka biya ba za ka gan shi ba. Sabon hannu ya fito a kan dala 70, kuma sandarsa kan fara tafiya da kanta bayan an sha ƙwallo da shi. Masu gyaranta ba su kai na PS4 yawa ba, ga shi ruwan ƙarfe ne ke sanyaya injinta, ba aikin ɗan koyo ba ne. Marar faifai kuwa ban ba mutumin Kano shawarar ya saya ba sai in yana da intanet marar iyaka a gida. Wasa ɗaya na iya kai 100GB, ba aro, ba musaya, ba sayarwa idan ka gama. Ka kuma tuna FC na PS5 ba ya haɗuwa da na PS4 ta intanet, don haka idan abokanka na kan tsohuwar sai ka sauke nasu.

A nan zan ja kunne kan Ultimate Team na FC, sashen da kake haɗa ƙungiyarka da katunan 'yan wasa, ko a wace na'ura. Kana sayen fakiti da kuɗi ba ka san ɗan wasan da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, har EA ya daina sayar da makin sayen fakiti a can a farkon 2019. A garin da Hisbah ke rufe shagunan caca, bai kamata mu shigo da ita ɗaki don kawai ta sa rigar ƙwallo ba.

Kwamfuta

Ita kaɗai ce a jerin nan za ta yi maka aikin makaranta da neman kuɗi da rana, ta yi gem da dare. Amma a nan aka fi yaudarar mutane. Mai shago zai ce maka Core i7 ce, za ta ɗauki komai. Laftof ɗin ofis ta hannu, irin EliteBook da Latitude, yawancinsu ba su da katin hoto na daban, kuma shi ne ke ɗaukar gem. FC 24 kaɗai mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne kati GTX 1050 Ti, RAM 8 da wuri 100GB. Ka nemi mai GTX 1650 ko RTX 3050 zuwa sama, ka kuma san farashinta na iya kamo na PS5 ko ya wuce. Batirinta ba ya jure gem, zafi na dafa ta, kuma idan katin hoton laftof ya ƙone sau da yawa sai dai a haƙura. Ta tebur ta fi ƙarko, ana canza mata kaya ɗaya-ɗaya, amma ta fi cin wuta.

Abin da ya riƙe ni a kanta wasannin da za ka ga kanka a ciki ne. A Crusader Kings III na 2020 za ka iya farawa a shekarar 867 a matsayin Daurama ta Daura, Kano na kan taswira kusa da kai, ka yi auratayya da yaƙi da yarjejeniya har ka haɗa ƙasar Hausa. Civilization VII na 2025 ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da ake zaɓa. Age of Empires II ya ƙara daular Mali da labarin Sundiata tun 2015, kuma tsohon bugunsa ko raunanniyar laftof na ɗauka. Ba tarihi tsantsa ba ne, akwai ƙari da ragi, amma na ga yadda suke sa matashi ya koma ya buɗe littafi. Wasu daga cikinsu akwai su a PlayStation, sai dai da linzami da allon rubutu aka fi jin daɗinsu.

Wasannin kwamfuta sun fi araha. Shagon wasanni na intanet Steam na yin ragi mai yawa sau da dama a shekara, shagon Epic kuma na ba da wasa kyauta kowane mako, har GTA V ya taɓa bayarwa a Mayun 2020, kuma ba a biyan rajista don buga ta intanet. Haɗarin shi ne wasannin da ake tura wa mutum a filas, waɗanda kan zo da ƙwayar cutar da ke satar lambobin sirri, a kan kwamfutar da kake shiga banki da ita.

Sauran da bai kamata a manta da su ba

Xbox Series S ta fito a 2020 a kan dala 299, ba ta kai wat 100 ba, kuma ita ce ƙofa mafi araha zuwa GTA VI. Amma ba ta cin faifai sam, kuma 'yan Xbox a Kano tsiraru ne, hannu da mai gyara sai an nema. Nintendo Switch ta 2017, ita ma dala 299, ita ta fi dacewa da wutarmu. Tana da batirinta, fawa bank na caja ta, hannunta na rabuwa biyu yara biyu su buga Mario Kart. Matsalarta wasanninta ba sa saukowa a farashi.

Sai gidan gem, wanda kusan kowace unguwa ke da shi. Ba ka sayi komai ba, fetur da gyara na mai gida ne, abokan karawa kuma ga su nan birjik. Wanda ke buga wasa biyu ko uku a ƙarshen mako zai daɗe bai kashe kuɗin PS4 ba. Illarsa ba ka zaɓen wanda za ka zauna da shi, kuma al'adar wanda aka ci shi zai biya takan zarce ta koma sa kuɗi a tsakiya. Uban da ɗansa ke zuwa ya leƙa da kansa, ya ga ko ana kashe talabijin idan an kira salla, ya ga ko ana korar masu kayan makaranta da safe.

| Zaɓi | Farashin fitowa | Wuta | Ƙarko a Kano | Ba intanet | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Waya | Ya danganta da iri | Fawa bank ta isa | Batir ke fara gazawa | Kaɗan ne ke yi | Sayayya cikin wasa, ƙwace |
| PS4 Slim | Dala 299, 2016 | Wajen wat 100 | Mai kyau, gyara a sauƙaƙe | Tana yi sosai | Tsufa, hannun bogi |
| PS5 mai faifai | Dala 499, 2020 | Wajen wat 200 | Mai kyau, gyara da tsada | Tana yi | Tsadar wasa da data |
| Kwamfutar gem | Kusa da PS5 ko sama | Mai yawa | Ta tebur ta fi laftof | Bayan an sauke | Algus, ƙwayar cuta |
| Xbox Series S | Dala 299, 2020 | Ƙasa da wat 100 | Kayan gyara sun yi ƙaranci | Bayan an sauke | Data |
| Switch | Dala 299, 2017 | Ƙasa da wat 20 | Sandar hannu kan lalace | Tana yi sosai | Tsadar wasa |
| Gidan gem | Kuɗin wasa kawai | Ba ruwanka | Ba ruwanka | Yana yi | Caca, abokan banza |

Wa ya dace da wanne

Idan ƙwallo da abokai a ɗaki ce buƙatarka, kuma ina jin mafi yawan masu karanta wannan nan suke, sayi PS4 Slim ta hannu, da hannu biyu na asali, da faifan FC ko PES 2021. Ragowar kuɗin ka sa a UPS. Haka ma mai son wasannin labari da bai taɓa buga su ba, abin da ke kan PS4 zai ɗauke shi shekaru.

Idan GTA VI ko Tekken 8 kake jira, kana da sola mai ƙarfi da talabijin na zamani, ci gaba da tari har ka kai PS5 mai faifai. In kuɗin ya gaza amma kana da intanet marar iyaka, Series S za ta fisshe ka.

Ɗalibin BUK ko na Wudil da ke zaune a hostal, wanda ko ta yaya sai ya sayi laftof, ya ƙara kuɗi ya sayi mai katin hoto maimakon ya raba su gida biyu. Wanda unguwarsu wuta sai an ga dama, ba inji ba sola, waya mai RAM 8 da fawa bank ta fi masa na'urar da za ta zauna a lulluɓe. Ya dai cire katin bankinsa daga Play Store.

Uba ko uwa da za su saya wa yara 'yan ƙasa da shekara 12, Switch ce ta farko in da hali, in babu PS4 marar hakin, domin mai hakin da GTA da Mortal Kombat a cikinta take zuwa. A ajiye ta a falo, a sa mata iyakar lokaci, duka biyun suna da wannan tsarin a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamar da ta ambata ita ce wasa ya ture sauran al'amuran rayuwa mutum ya kasa dainawa.

Mai niyyar buɗe gidan gem ya fara da PS4 Slim uku ko huɗu a kuɗin da zai sayi PS5 ɗaya ko biyu, ya ware kuɗin canza hannu tun daga farko, don shi ne ke saurin mutuwa. Wanda kuma bai tabbata yana son abin ba, ya yi wata guda yana zuwa gidan gem na unguwarsu, ya gwada ƙwallo da faɗa da tsere, kafin ya nufi kasuwa.